Tanimu, Kada Ka Share Komai

Sabon Gari, Maraɗi,
Talata, ashirin da shida ga watan Muharram.

Zuwa ga ƙanena Tanimu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga yayarka Zuliha, tare da fatan wannan takarda ta iske ka lafiya, kai da abokan aikinka na can wajen zinariya. Allah ya tsare ku daga ruftawar rami da ƙishirwa da miyagun hanya, ya maido mana ku da ƙafafunku. Yaya zafin wurin? Yaya ƙirjin naka? Tarin nan ya sake ka, ko har yanzu kana ta haɗiyar ƙwayoyin tebur kana gudun likita kamar yadda ka saba? Mu nan jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Damina ta zauna, gulbi ya kawo ruwa sau biyu, gero a Tsibiri ya wuce gwiwa. Uwani matarka tana nan lafiya. Ranar Juma'a ta zo mani da ɗiyarka, ta yi haƙora huɗu, har ta fara dafa bango tana miƙewa. Goshinka ne sak, Allah dai ya sa kada ta ɗauko rowar maganarka.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni, ni da nake cika maka waya da vokal, saƙon murya, har kana roƙon in rage. Rabona da rubuta wasiƙa tun ina koyar da matan Jiratawa karatun yaƙi da jahilci. Kafin in ce komai, ka ji wannan: in wayarka tana aljihunka, ka kashe intanet ɗinta yanzu. Kada ka hau tudun nan da kuke hawa neman reso don waya ta kama, kada ka ba kowa aronta, kada ka share ko hoto guda, sai ka kai ƙarshen takardar nan. Wada direba, mai kai albasa da gero Arlit, shi na ba, na kuma roƙe shi ya sa ta a hannunka, ko a hannun wanda zai bi rami-rami har ya same ka.

Tanimu, Yaya Maidawa yana gidan kaso. Yau kwanansa goma sha biyu. Na juya maganar nan ta kowace fuska don in sami hanyar faɗa maka da sauƙi, ban samu ba. Bai yi faɗa da kowa ba, bai taɓa kayan kowa ba. Bakinsa ne, bakin nan nashi da muka sha dariya da shi tun muna yara, da kuma wasan taubasantakarsa da Nata'ala ɗan Gwaggo Kyauta. Farkon abin ka sani, tunda kana cikin gurup ɗinmu na dangi, amma bari in ɗauko maka daga tushe don ka ga inda kai ka shigo ciki.

Ka tuna safiyar cika-ciki. Ranar ka hau reso, har ka turo mana kana cewa ku can ko ƙafar kaza ba ku gani ba. Nata'ala ne ya fara tsokana, kamar kowace shekara. Daga Tsibiri, inda ya je cika ciki wajen uwarsa, ya yi vokal wai kaji uku sun ɓace a Jiratawa kuma an ga gashinsu bayan gidan Maidawa, ɓarawon kaji, mai cikin rumbu. Wai ya zo maza ya wanke takalmin ubangidansa in yana son a rufa mashi asiri. Ka san Yaya ba ya ramawa da zafi-zafi. Sai wajen hantsi ya maido martani daga gona, da muryar nan tashi ta mai karanta labarai a rediyo, ba dariya ko kaɗan. Ya ce shi Maidawa na Jiratawa ya gani da idonsa, ranar Laraba da la'asar, amalanke biyu ɗauke da buhu arba'in na takin ƙungiyar manomansu, Nata'ala shugaban ƙungiya yana gaba a kan babur, sun miƙe hanyar Tsibiri zuwa gonar uwarsa. Ya ce mai shakka ya je ya ga yadda geron Gwaggo ya yi baƙi ƙirin, kuma duk mai jiran taki bana ya daina jira. Nan take Nata'ala ya amsa, yana dariya har da tari, wai ina aka taɓa satar takin da ko isowa bai yi ba. A bayansa kana jin Gwaggo tana zagin su duka biyun, tana cewa su fid da gonarta daga cikin haukansu. Ni kaina na yi dariya har miyata ta kama.

Mu arba'in da uku ne cikin gurup ɗin, kuma dukanmu cikin wannan wasa aka haife mu. Ban san wanda ya fitar da muryar Yaya waje ba, na ma daina neman sani, don na tabbata ba da mugunta ya yi ba. Wani ne dariya ta kama, ya ce bari abokinsa ma ya ji. To amma ta Yaya kaɗai aka tura, ba a haɗa da ta kajin ba, ba a haɗa da dariyar Nata'ala ba. Cikin kwana biyu ta shiga wayar kowane manomi daga Jiratawa har ƙauyukan bakin gulbi, mutanen da ba su san Maidawa ɗan kawun Nata'ala ne ba. Abin da suka sani shi ne sun rubuta sunansu don taki tun kafin ruwan fari, ga gero yana neman yin ja, ga shugaba kullum yana cewa a ƙara haƙuri. Dattijo mai furfura ya faɗi sunansa, ya faɗi rana, ya faɗi yawan buhu. Don Allah wa zai ce wasa ne?

A rana ta uku suka taru ƙofar mangazar ƙungiya, inda ake ajiye taki, suka ce a buɗe su gani. Mai gadi ya ce mabuɗi ba ya hannunsa. Suka ɓalle ƙofar suka iske wayam, tunda da gaske takin bai iso ba, sai wannan ya zame masu shaida. Nata'ala ya zo da gudu don ya yi bayani, bai gama buɗe baki ba aka tunkuɗa shi cikin magudanar ruwa, wayarsa ta tafi a nan. Mai gadin kuwa, bawan Allah, ƙofar ta faɗo mashi ta karya shi a hannu. Jandarmomi suka zo suka kwashi mutum tara. Da aka tambaye su abin da ya kai su, kowa ya zaro waya ya kunna muryar Yaya. Washegari da hantsi aka je aka ɗauke shi yana tsakiyar yankan zogale, da lakar gona a ƙafarsa ya shiga mota.

To, a nan ne ni Zuliha na tafka tawa. Lami matar Yaya ta kira ni tana kuka, ta ce an tafi da shi saboda maganar waya. Na sha jin ana cewa yanzu akwai dokar da ke kai mutum kaso a kan abin da ya faɗa ko ya tura ta waya, na kuma ji wai har wanda ya buɗe gurup ana iya riƙewa, ga shi ni na buɗe namu. Ban tambayi kowa ba. Wa ma zan tambaya, ni da kowa ke zuwa tambaya? Ni ce mai boko a gidanmu, ni ke karanta maku takardar likita da ta lakkwal, makarantar yara. Na ɗauki waya na yi vokal ina kuka ina rantsuwa, na ce kowa ya share duk abin da ke cikin gurup ɗin yanzu-yanzu, kada ya bar ko alama, in ba haka ba gobe shi za a zo ɗauka. Don kada wani ya ce bai ji ba, na bi ku ɗaya bayan ɗaya na tura wa kowa nashi daban. Sannan na fitar da kowa, na share gurup ɗin, na share nawa duka, na zauna ina jin wai na ceci dangi. Kuma wallahi ba a taɓa yi mani biyayya irin ta ranar nan ba. Mutanen da sai na yi wata ina roƙon su zo taron suna, kafin la'asar kowa ya share tas.

Lami ta wuce kowa. Wayar Yaya tana gida kan caji lokacin da aka kama shi. Da ta ji muryata, ba ta san inda ake dannawa a share ba, sai ta ɗauke ta ta jefa cikin masai. Washegari jandarmomi suka dawo neman wayar, ta ce masu ta ɓace, suka rubuta haka. Ba na ganin laifinta ko kaɗan, abin da na ce ne ta yi da irin hanyar da ta iya. Amma yanzu a takardunsu, ga mutum ya yi maganar da ta tayar da tarzoma, ga wayarsa ta yi ɓatan dabo kwana ɗaya bayan kama shi.

Nata'ala bai zauna ba. Da kumburarren ido ya je gaban purokira, mai gabatar da ƙara na gwamnati, ya ce shi aka zaga kuma shi bai kawo ƙara ba. Maidawa taubashinsa ne, shekara hamsin suna haka, har ranar ɗaurin aurensa Maidawa ya miƙe cikin mutane ya ce wandon ango na aro ne. Gwaggo Kyauta ma ta sa aka kawo ta daga Tsibiri da sandarta, ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa jin an kai taubashi gaban sarki a kan baki ba, a ba ta duk abin da ake rantsuwa da shi ta rantse. An saurare su da mutunci, wannan kam ba zan yi ƙarya ba, har kujera aka ba Gwaggo. Purokiran ya ce shi ma yana da taubasai, ya san wasan. Amma ya ce abin da ke gabansa murya ce guda wadda babu dariya cikinta, da ƙofa a ɓalle, da mutum a asibiti da karaya, su kuma 'yan'uwa ne, ba mamaki su kare nasu. Takin ya iso bayan kwana biyar, ko buhu guda bai yi ciwon kai ba, amma har yau wasu manoma cewa suke an maido shi ne don asiri ya tonu.

Sati guda muka ɓata muna bin gidajen manya da goro don a sa baki, kamar yadda muka saba in abu ya taso. Kowa ya karɓe mu hannu biyu, kowa kuma ya ce wannan ta fi ƙarfinsa. Sai a kwana na takwas muka je wajen lauya, wani Metir Abdulmutallib, mutum mai sanyin magana. Shi ya zaunar da mu ya warware mana dokar. Ya ce ba zagin Nata'ala ake tuhumar Yaya da shi ba, ana tuhumarsa ne da yaɗa maganar da ka iya tayar da hankalin jama'a ta hanyar waya, kuma wannan tsakaninsa da gwamnati ne, ba mai cewa na yafe. In aka same shi da laifi ba maganar watanni ake ba, maganar shekaru ake. Amma ya ce kada mu karaya. In aka nuna wa alƙali cewa cikin gurup na dangi zalla ya yi maganar, ba shi ya kai ta waje ba, aka kuma kunna mashi saƙon kajin da dariyar da ta biyo baya, a jere da ranarsu da lokacinsu, to shari'ar za ta sake kama. Sai ya miƙo hannu ya ce wanda ke da gurup ɗin a wayarsa ya ba shi ya ji. Tanimu, mu shida ne a ofishin nan, ba wanda ya motsa. Ni na buɗe baki na faɗa mashi abin da na yi. Bai yi mani faɗa ba, da ma ya yi. Ya cire gilashinsa ya ajiye, sannan ya ce ajiye saƙon dangi a waya ba laifi ba ne, ba a taɓa cewa laifi ne ba.

Tun ranar ban huta ba. Na rubuta sunayen mu arba'in da ukun a takarda, na bi su gida-gida, nan cikin gari da Jiratawa da Tsibiri, na Yamai da na Ƙwanni kuma na kira su. Ina fatan in sami ko mutum guda mai kunnen ƙashi wanda ya yi biris da ni, babu. Wasu har layin suka cire suka karya. Wasu da sun hango ni sai su ce su ba su ma taɓa shiga gurup ɗin ba, don tsoron da ni na dasa masu. Na kwashi wayoyi bakwai cikin jaka na kai wa wani mai gyara a babbar kasuwa, wanda aka ce ba abin da ke gagarar sa. Ya yini yana dubawa. Ya ce da mun zo cikin satin farko da wataƙila ya tono wani abu, ko kuma da akwai wanda ya bar ajiyar nan da ke kwafe saƙonni a kunne, amma duk mun kashe ta don kada ta cinye mana megan intanet. Har maganar tone masan gidan Yaya aka yi, ya ce kada mu wahalar da kanmu.

Shekaranjiya ina zaune da takardar sunayen, na kai kan naka, sai na tsaya. Na tuna ranar da nake bin ku ɗaya-ɗaya, kafin in share nawa na duba in ga kowa ya samu, naka kaɗai ne ya tsaya da alama guda, bai shiga ba, har na yi tsaki na ce kai da raminka. Ka ga ke nan tun safiyar cika-ciki ba ka sake hawa reso ba. Ka ji saƙon kaji, ka ji na taki, ka ji dariyar Nata'ala da zagin Gwaggo, tunda bayansu ka turo naka. In ba ka taɓa komai ba, suna nan kwance cikin wayarka yadda suka zo, kuma duk duniya ba su saura ko'ina ba sai wurinka. Amma muryata ma tana nan tana jiran ka. Da zarar ka hau tudun nan ita za ta fara faɗowa, ni ina kuka ina cewa ka share. Na so in janye ta, mai gyara ya ce tunda na share ta a wajena ba ni da sauran iko da ita. Na tura maka wasu tara a bayanta ina cewa kada ka taɓa komai, duk suna nan da alama guda. Amma na san ka. Daga sama kake farawa, kuma in ka ji ni ina kuka ba za ka tsaya jin na biyu ba. Tun kana ƙarami in na ce tashi, sai ka tashi kafin ka tambayi ina za mu.

Don haka ga roƙona. Kada ka saurari vokal ɗina na farko, in ma ka saurara ka ɗauka mahaukaciya ce ke magana, don ranar haka nake. Za ka ga an ce na fitar da kai daga gurup, ba komai, abin da ke ciki ba ya tafiya sai in kai ka share da hannunka. Kada ka musanya wayar, na san halinku na can, yau wannan gobe waccan. Lauya ya ce turowa kaɗai ba ta isa ba, don abin da aka turo ba ya nuna inda aka fara faɗinsa. Wayar kanta ake so, a buɗe ta gaban hukuma a ga gurup ɗin da sunayenmu da ranaku. An sa shari'a nan da kwana goma sha shida, ranar Alhamis. Wada ya ce in hanya ta yi kyau kwana biyar zai kai Arlit, daga nan kuma sai yadda ta yiwu. In za ka iya tahowa da ita da kanka, ka taho. Na san abin da nake nema, na san in ka bar ramin wani zai shiga gurbinka bayan wata bakwai kana wahala. In ba za ka iya ba, ka kashe ta, ka naɗe ta cikin leda da tsumma, ka rubuta lambar buɗewa a takarda, ka ba Wada hannu da hannu. Na tambayi lauya ko kai ma za ka shiga matsala, ya ce a'a. Na tambaye shi ko in ta zo Yaya zai fito, ya ce wannan ba zai yi mani alkawari ba, amma in ba ta zo ba, ba ya da abin riƙewa sai bakin dangi.

Yaya kuwa, me zan ce maka. Ana barin mu mu kai abinci, ana kuma karɓar maganinsa na hawan jini. Ƙafafunsa sun kumbura. Cikin waɗanda ke ɗaki guda da shi har da uku daga masu ɓalle ƙofar, mutanen da suka yi shekaru suna raba ruwan famfon ban ruwan gona tare da shi. Ba su ce mashi komai ba, amma shi ke jin nauyinsu, kuma kullum sai ya tambayi hannun mai gadi. Nata'ala ba ya fashin zuwa, shi ke ɗauko kwanon daga Jiratawa, shi kuma ya sa aka ƙarasa yanke zogalen kafin ya tsufa. Ran nan ina tsaye ya so ya ba shi dariya, ya ce mashi ga shi dai an kama ɓarawon kaji. Na zuba ido in ji abin da Yaya zai rama da shi. Sai ya sunkuyar da kai ya yi mashi godiya, ya ce Allah ya saka wa Alhaji da alheri. Alhaji fa, Tanimu! Mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa kiran sa da sunan kirki ba. Nata'ala ya fita waje ya jingina da bango ya yi ta kuka, ƙato da shi, mutane na wucewa suna kallo.

Wani lokaci sai in ji ina faɗa da dokar nan cikin raina, sai kuma in rasa ta inda zan kama ta. Ba zan ce a bar kowa ya faɗi abin da ya ga dama a waya ba, na ga hannun mai gadin nan da idona, na ga 'ya'yansa. Amma da a bakin kasuwa Yaya ya yi wannan magana, da duk wanda ya ji ya ga Nata'ala tsaye kusa yana riƙe da ciki don dariya, da a nan ta mutu. Kuma ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga abin da dokar ta hana, ga abin da ba ta hana ba. Jita-jita kawai muke ji, wai an kama wane, wai an ɗaure wance, har tsoro ya sa muka yi wa kanmu wannan ɓarna. Yanzu gidajenmu tsit. Gwaggo ta hana jikokinta tsokanar taubasansu ko da baki, ta ce ba ta san wanda ke riƙe da waya ba.

Uwani na gaishe ka, ban gaya mata na ce ka taho ba, don kada in sa mata rai. Gwaggo Kyauta na sa maka albarka. Lami na gaishe ka, ita ko magana ba ta cika yi ba yanzu. Nata'ala ya ce a gaishe ka, gaisuwa kawai, bai ƙara komai a kai ba. Maigidana Malam Habib da yara duk suna gaisuwa. Ka gaishe mani da Bawa da kuke rami guda, da duk wanda ya san mu a can.

Saura abu guda. Yaya bai san an share ba. Bai san inda wayarsa take ba, yana zaton tana hannun jandarmomi. Duk zuwan da na yi sai ya matso kusa ya ce mani shi bai gane abin da ake jira ba, a kunna wa alƙali saƙon Nata'ala mana, na kajin nan, ai da ya ji shi ke nan. Wai ni da nake da boko in tuna wa lauyan, wataƙila bai sani ba. Ni kuma sai in ce mashi ana nan ana shiri. Sau uku ke nan ina faɗa mashi haka ina kallon ƙasa. Lauya ya ce dole a sanar da shi kafin ranar shari'a, Lami ta ce ita ba za ta iya ba, kuma ba ita ya kamata ba. Na ba kaina zuwa ranar da Wada zai dawo. In muryata ta riga takardar nan isowa, ka riga ka share, kada ka ɓoye mani, kada kuma ka ɗora wa kanka, maganar yayarka ka bi. Ka dai aiko mani da gaskiya da wuri, don in sami ƙafar da zan tsaya gabansa in ce mashi ni ce.

Allah ya fid da shi, ya kawo ka lafiya.

Yayarka mai zuba ido ga hanya,
Zuliha.